Awa Takwas Ɗin da Na Ɓoye

Laraba, 17 ga Oktoba

Ina kan benci a barandar asibitin lardi. Littafin shirya darasi kaɗai na samu a jakata, a bayansa nake rubutu. Haddu na ciki yana barci, ƙafarsa ta dama a miƙe, an rataya mata nauyi a ƙarshen gado. Mijina da ba ya iya zama ya shanye kofin shayi ɗaya.

Jiya ya faɗo daga bishiyar dabino, doguwar nan ta bakin magudanar ruwa. Yana yankan nonon dabino na biyu gindin reshen da ya taka ya gutsure. Ƙarfe takwas na safe. Na rubuta a nan don kada ni ma in soma yarda da abin da na faɗa.

Maza suka ɗora shi a kan ƙyauren ƙofa. Titin mota na hagu, gidan Babana, Da Assu, na dama, ba wanda ya ko tsaya shawara. Wa zai ɗauki mai rauni ya wuce ƙofar Da Assu mai ɗori, balle mijin 'yarsa? Tun kakan kakanmu ɗori a gidanmu yake. Ni ina aji, sai sha biyu labari ya same ni.

A cikin karaya na girma, amma ban taɓa ganin ƙafa haka ba. Ta gajarce, gwiwa ta faɗa ciki kan 'yar'uwarta, tafin ya juya. Baba ya ɗaure shi da zane a jikin ginshiƙi, mutum uku na ja, shi yana danna ƙugun da hannu biyu. Haddu ya cusa hular jallabiyarsa a baki yana cizo. Baba ya ɗago ya ce, "Tuda, mutane sun gaji, a ɗora shayi." Na ɗora. Ni mai takardar koyarwa, na tsaya ina wanke na'ana'a ina jin muryar mijina ta bango. Suka ja kafin azahar, suka ja bayan azahar.

Sai da Itto, yayar Haddu, ta iso daga ƙauyensu bayan la'asar da tasi a bayanta. Ta ce, "Da Assu, girmanka na nan inda yake, amma ƙanena ba ragon layya ba ne da za a wuni ana jan ƙafarsa." Baba ya kwance zanen da kansa.

A asibiti Itto ta tafi yankar kati. Likitar ƙashi, Najat sunanta, ta tambaye ni ƙarfe nawa ya faɗo. Haddu ya dube ni. Na tuna mai ɗorin nan na wancan kwarin da aka ce an kai gaban jandarma, 'yan sandan karkara, bara. Na ce, "Bayan la'asar, wajen huɗu." Ta ce wani ya taɓa shi? Na ce a'a.

Suka sa shi barci, suka mayar da ƙashin ƙarfe tara na dare. Ta ce ko minti biyar bai ɗauka ba.

Alhamis, 18 ga Oktoba

Likita Najat ta zo zagaye. Ta dunƙule hannu ta sa a tafin ɗayan, ta ce haka kan ƙashin cinya yake zaune a gurbinsa. Wasu siraran jijiyoyin jini ne ke ciyar da shi. In ya goce suna lanƙwashewa kamar tiyon ban ruwa da aka taka, ƙashin ya zauna da yunwa. Shi ya sa suke tseren mayar da shi kafin awa shida.

"Kun yi sa'a, awa biyar," in ji ta. Mako shida da sanduna, daga nan ya fara takawa. Wai da ya daɗe a waje da ta hana shi taka ƙasa wata uku, da ta tura mu Marrakesh a ɗauki babban hoto.

Na ƙirga da yatsu a ƙarƙashin mayafi, sau biyu. Goma sha uku.

Juma'a, 19 ga Oktoba

Baba bai zo ba. Ya aiko da kuskus ta hannun direban tasi. Na rabar wa masu jinya.

Lahadi, 21 ga Oktoba

Na ce wa Haddu gobe zan gaya wa likita gaskiya. Ya yi dariya har ƙugun ya amsa.

"Malama, ashe kin iya ƙarya haka? Ni da nake jin tsoron ki ba ni sifili."

Na ce ba wasa nake ba. Sai ya daina. Ya ce, "Mutumin da ya ba ni 'yarsa, shi zan kai gaban jandarma a kan ƙuguna? Ƙashi ya koma gidansa, magana ta mutu. In kin faɗa, ni kika ci wa mutunci."

Gaba kura, baya sayaki. Na gyara masa filo na fita.

Asabar, 3 ga Nuwamba

Mun dawo gida. Tun safe masu dubiya, na dafa shayi har na daina ƙirga buta. Abin da ake faɗa a gari yanzu: wai Da Assu ne ya sassauta ƙashin, shi ya sa likitoci suka same shi da sauƙi. Na ji da kunnena daga bakin ɗaya cikin masu jan ƙafar. Saura kaɗan in juye masa butar a cinya.

Baba ya zo da hantsi. Ya shafa ƙugun ta kan bargo, ya ce, "Ya zauna daidai." Haddu ya sumbaci hannunsa. Ni ban fito daga madafa ba sai da na ji ƙarar ƙyaure.

Laraba, 14 ga Nuwamba

Lokacin tara a makaranta na shiga waya ina karanta abin da bai kamata in karanta ba. Ƙashin da jini ya yanke masa ba ya ihu. Watanni mutum na yawo lafiya lau, hoton ƙashi na yau da kullum ma ba ya nuna komai, sai ranar da kan ƙashin ya lotsa. Nauyin jiki ne ke lotsa shi.

Na koma aji na rubuta kwanan wata ba daidai ba, yara suka gyara mini.

Alhamis, 29 ga Nuwamba

Ranar komawa asibiti. Hoto tas. Likita ta ce ya fara takawa a hankali. Ta dube ni ta ce, "Lalla Tuda, akwai tambaya?" Wallahi na buɗe baki. Haddu ya yi gyaran murya. Na ce ko zai iya cin nama.

Nama. Allah ya wadaran wannan baki nawa.

Lahadi, 9 ga Disamba

Ya jefar da sanda ɗaya. Ya je masallaci ya dawo yana fara'a kamar ango. Duk takun da ya yi a tsakar gida a ƙirjina nake jin sa.

Har ya soma lissafin Maris, lokacin da dabino zai fashe da fure, a hau a cusa furen namiji cikin na mata. Bishiya talatin da huɗu gare shi, kowace da sunanta.

Litinin, 24 ga Disamba

Na kama shi. Ya tashi daga sujada ya dafe matsematsinsa, ya tsaya da ƙafa ɗaya kafin ya miƙe. Ya ce sanyi ne. Na ce sanyi a gefe ɗaya kawai yake shiga? Ya ce, "Ke fa kin fi likita likitanci." La'asar a zaune ya yi ta, ya rufe ƙofa don kada in gani.

Alhamis, 27 ga Disamba

Itto ta zo taya ni tsince dabinon da za a kai kasuwa. Ban shirya faɗa ba, maganar ce ta fito da kanta. Ta ajiye faifan a hankali, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, Itto ba ta yin komai a hankali.

"Ƙarfe huɗu kika ce wa likita? Ni da na same shi ya yi laushi kamar tsumma?"

Na ce ubana ne, Itto.

"Ubanki ƙafarsa biyu, yana takawa zuwa kasuwa. Ƙanena fa? In ya gurgunce, mutuncin Da Assu ne zai hau masa bishiya?" Ta ce ta ba ni mako ɗaya. In ban je ba ita za ta je, kuma ita ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba.

Na tsane ta yau. Kuma na ji sauƙi, in dai gaskiya zan rubuta.

Laraba, 2 ga Janairu

Na ce wa Haddu taron malamai gare mu. Awa biyu a tasi, na matse a gaba da wata tsohuwa da kwandon ƙwai. A asibiti na jira har Likita Najat ta gama ganin marasa lafiya, na shiga ba kati.

Na faɗa duka a tsaye. Takwas na safe, ginshiƙi, mutum uku, ja biyu. Na faɗa har da shayin, ban san abin da ya kai ni ba.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta cire tabarau ta murza ido. Ta tambayi mako nawa ke nan yana takawa. Na ce biyar. Ta ce yana jin ciwo a matsematsi? Na ce yana ɓoyewa.

Na ce mata, don Allah, mai ɗorin ubana ne, shekararsa saba'in da ɗaya. Ta ce, "Lalla Tuda, ni ƙashi nake wa aiki, ba jandarma ba. Da kin faɗa ran nan da ban tambaye ki ko sunansa ba."

Sai a nan na zauna. Abin da na yi wata biyu da rabi ina karewa, ashe ba wanda ya nufe shi.

Daga yau ƙafar ba ta taɓa ƙasa, ko zuwa bayi. Ta rubuta takardar babban hoto.

Alhamis, 3 ga Janairu

"Kin tsallake ni," shi ke nan abin da ya ce. Na miƙa masa sanduna biyu, ya karɓa bai dube ni ba. Amma ya karɓa.

Juma'a, 18 ga Janairu

Mun dawo daga Marrakesh jiya, yau mun kai wa likita hoton. Ta nuna da bakin biro: wani tabo a saman kan ƙashin, bai fi ƙwallon dabino ba. Wurin ya rasa jini. Bai lotsa ba tukuna, shi ne abin godiya. Za su huda ƙashin da siririn ƙarfe ko jini ya sami hanyar komawa. Zai iya farfaɗowa, zai iya ƙi. Sai an yi shekara ɗaya ko biyu za a sani.

Haddu ya ce, "Lalla likita, Maris fa?" Ta ce, "Si Haddu, ƙasa ta ishe ka. In ka yi tafiya ba sanda, ni da kai mun ci riba. Hawa kam ya ƙare." Ya yi murmushi irin na ladabi, ya gode mata. Ni na san wannan murmushin.

Da ya fita na tambaye ta, jinkirin ne, ko jan da aka yi, ko makonnin da ya yi yana takawa? Ta ce ba za ta iya raba mini ba.

Na so ta ce duka na Baba ne.

Laraba, 6 ga Fabrairu

An yi aikin. Ya farka yana tambayar ko an ba gonar ruwa. Itto ta kawo miyar harira a tulu, ta zuba mini.

Asabar, 16 ga Fabrairu

Gari ya sani, bakin Itto ba ya riƙe ruwa. Wasu sun ce likitoci ne suka ɓata aikin Da Assu. Wasu sun ce 'yarsa ta kai ƙararsa birni. A rijiya mata biyu sun amsa gaisuwata da hanci.

Yau na je gidan Baba, karo na farko tun Oktoba. Na same shi a rana yana fere karan ɗori. Na zayyana masa komai kamar ina gaban allo: jijiyoyi, tiyo, awa shida.

Ya ce, "Ubana bai gaya mini akwai agogo a cikin ƙugu ba."

Na ce yanzu ka ji.

Ya ci gaba da fira har karan ya kusa ƙarewa. Can ya ce, "Tun jan farko na san wannan ba nawa ba ne. Naman wurin ya kulle, ba ya saki sai mutum ya yi barci. Amma mutum goma na tsaye a kaina, sun ɗauko shi a kafaɗa sun kawo mini. In ce musu surukina ya fi ƙarfin hannuna?"

Da ya ce bai sani ba, da na iya haɗiyewa. Na ce, "Ka sani, ka ja shi har la'asar?" Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai yau. Na ce ya sayi girmansa da ƙafar mijina. Bai musa ba. Bai kuma ce ni fa da na tsaya dafa shayi ba, ko da yake na ga maganar ta zo masa baki.

Na fito ban yi sallama ba. Ba zan sake taka gidan nan ba.

Talata, 5 ga Maris

Dabino ya fara fashewa, ƙanshin furen har cikin aji. In kwanson mace ya buɗe, kwanaki kaɗan ne, in ba a sa mata furen namiji ba shekarar ta tafi. Kowane mai hawa na kan nasa bishiyoyin, an ce mu jira mako biyu.

Na dawo na sami Haddu a bakin ƙofa, sanduna a gefe, yana wasa laujensa a dutse. Na ce na mene ne? Ya ce kada ya yi tsatsa. Na ce in ya kusanci gindin bishiya zan karya masa ɗaya ƙafar da hannuna. Ya ce, "Ai gado ne a gidanku." Sai ya ga fuskata ya ce wasa yake.

Na kai laujen makaranta na kulle a durowa. Tsoro nake ji, ba na son barin gida.

Asabar, 9 ga Maris

Bayan sallar asuba, gari ya waye sosai, na je gona in duba ko kwanso nawa suka buɗe, don in san ƙaryar da zan yi wa Haddu. Na ga takalma a gindin bishiya ta farko. Na san su, ni na saya masa su.

Yana can sama, ya naɗe jallabiya a ƙugu, ƙafafu kamar busassun kara. Rabonsa da hawa tun ina ɗaukar jaka zuwa firamare. Ya gama kwanso uku, ya ɗaure furen da ganye yadda ake yi. Kwandon furen namiji na ƙasa da igiya a jiki, sai ya ja ya saƙale a jikin bishiya, ya saki hannu ɗaya yana fizga.

Na ce, "Baba, sauko."

Ya ce, "Ki matsa daga nan, ƙaya na faɗowa."

Na ce in ya faɗo wa zai ɗora shi? Ya ce, "Ki kai ni wajen matar nan taku. Kafin awa shida."

Ban yi dariya ba. Na ɓalle kwandon, na riƙe igiyar daga ƙasa don kada ya riƙa lilo. Mun yi bakwai kafin rana ta yi zafi. Duk saukowa sai ya zauna yana haki, duk hawa sai in daina numfashi har ya kai sama. Ba mu yi wata magana ba sai "ja" da "saki". Tafin ƙafarsa ya tsage wuri biyu, na ga jini a jikin bishiya ta shida.

A gida Haddu ya dubi garin fure a mayafina, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wa?" Na ce wani tsoho ne da ba ya jin magana. Ya juya fuska bango, kafaɗunsa na motsi. Na bar shi.

Ban yafe ba. Ban ma san ko hurumina ne in yafe ba, ni da ke da awa takwas a wuyana. Igiya kawai na riƙe, wani dai dole ya riƙe.

Saura ashirin da bakwai. Na aika wa shugaban makaranta cewa mako mai zuwa sai ƙarfe goma zan riƙa shigowa. Man zaitun da tsumma mai tsabta suna cikin jakata, kada in manta da safe.